Na Hana Inna Ganin Autanta

Duk wanda yake da ɗa ko ƙane mai buga ƙwallo ko gudu a makaranta, ina roƙonsa ya daure ya karanta wannan har ƙarshe. Sunana Balki. Ɗinkin mata nake yi a cikin gida a nan Kaura Namoda, ban saba riƙe biro ba, almakashi na sani. Abin da ya same mu a bazarar bara ne ya zaunar da ni rubutu, don na lura mutanenmu ba su san wannan ciwo ba, kuma abin da muka saba yi wa marar lafiya don nuna ƙauna shi ne yake ƙara wa ciwon ƙarfi.

Sufyanu ƙanena ne, autan Inna. Ni ce babba, na ba shi shekara goma sha huɗu, a bayana ya yi wayo. Mahaifinmu ya rasu Sufyanu yana rarrafe, Inna ta ci gaba da zama a ƙauyenmu Badarawa a hannun Baffa Haruna, wan mahaifinmu. Tun Sufyanu yana ƙarami in akuya ta tsinke igiya shi ake ƙwala wa kira, don babu dabbar da ta taɓa tsere masa. Da ya shiga sakandare a Shinkafi sai abin ya zama gasa, ya riƙa ciyo kofin gudu mai nisa ba takalmi a ƙafarsa. Da ya samu gurbin karatu a kwaleji a nan Kaura, mai horar da 'yan wasa, wanda kowa ke kira Koci, ya gwada shi sau ɗaya ya sa shi cikin 'yan gudu. Albarkacin haka ya samu gado a ɗakin kwanan ɗalibai, abin da sababbi da yawa suka nema suka rasa.

Mu murna muka yi, amma shi makonnin farko ba su yi masa daɗi ba. Duk Juma'a in an sauko masallaci yakan biyo ta gidana ya ci tuwo, ya juye mini ƙorafi. Ana sallame asuba suke fita fili, ƙarfe takwas kuma a same su a aji, shi ya sa rabin laccar farko a barci yake yin ta. Turancin malamai yana wuce shi kamar yadda mota ke wuce mai jaki. Su takwas ne a ɗaki, manyan ɗalibai suna kiransa Jambito, sunan da ake laƙaba wa sabon shiga, suna aikensa ɗibar ruwa. Garin kwaki da safe, taliya da yamma, ga yaron da ya tashi da fura da tuwon dawa. Amma duk cikin abubuwan nan babu wanda ya dame shi kamar takalmi. An ba shi na gudu, mai 'yan ƙusoshi a ƙasa, kuma ranar da ya fara tuɓe shi a gaban jama'a sai da aka yi dariyar kaushinsa har wani ya ɗauki hoto.

"Yaya, wanga takalmi dabaibayi na," in ji shi. "Ba ya barin ƙahwata ta ji ƙasa. In na sa shi sai in ga yara na wuce ni."

Na ce, "To ɗan ƙauye, koma kiwo mana, awakin Inna na jiran ka."

Ya yi dariya, ni ma na yi, ban san maganar ta zauna masa ba. Akwai gasar makarantu da ke tafe, mutum goma kawai za a ɗauka, kuma Koci ya ce wanda ya yi fashin atisaye uku ya fita. Sufyanu ya sa a ransa cewa in ya fita daga 'yan gudu gadon ma zai tafi, daga nan sai Badarawa, inda yanzu gonar nesa ma ba ta zuwuwa saboda 'yan bindiga. Ba wanda ya faɗa masa haka. Shi ya ƙulla wa kansa, tsoro kuma ya hana shi tambaya.

Abin da ya biyo baya sai daga baya na ji shi a bakin Murtala, abokin ɗakinsa ɗan Moriki. Ashe in an yi la'asar Sufyanu yakan zagaya can bayan fili, inda makiyaya ke ratsawa da shanu, ya tuɓe takalmi ya yi gudunsa yadda ya saba, ba mai gani balle dariya. A can ya taka guntun tsohuwar waya. Huji ne ɗan ƙarami a tafin ƙafa, jinin ma bai cika cokali ba. Sai ya yi abin da kowane yaron Badarawa ke yi, ya ɗebi ƙasa mai laushi ya cusa a ciwon, ya taka da ƙarfi har jinin ya tsaya. Ba zan ga laifinsa ba, don ni ma da hannuna na sha yi masa haka yana yaro. Kashegari ya tura ƙafar cikin matsattsen takalmi ya fita atisaye. Cikin kwana uku bakin ciwon ya rufe. Murtala kaɗai ya sani, shi ma sai da Sufyanu ya sa shi rantsuwa, kada Koci ya ji ya ce ya huta.

Bayan kwana tara, ranar Juma'a, ya zo cin tuwo kamar kullum. Na lura yana yanko loma 'yar mitsitsiya yana tura ta tsakanin haƙora. Na ce masa ko kwaleji ce ta koya masa cin abinci irin na amare. Ya ce muƙamuƙinsa ne ya gaji, ƙila haƙori ne. Gumi yake yi sosai, fuskarsa kuma a ɗan yashe kamar mai shirin dariya. Maigidana, Baban Ummi, direba ne a hanyar Kaura zuwa Shinkafi, kuma a wurinsa kowane ciwo zazzaɓi ne. Ya ce a kai shi kemis a yi masa allura. Aka yi. Na dafa masa ruwan gishiri ya kurkure baki, na sallame shi ya koma makaranta. Wannan sallamar ita ce kuskurena na farko.

Ranar Litinin da hantsi Murtala ya kira ni. Sufyanu ya faɗi a fili, wuyansa ya ƙi juyawa. Muka ɗauko shi a babur mai ƙafa uku, duk ramin da muka faɗa sai in ji jikinsa ya sandare a kan cinyata. A asibiti muka tarar da layin yankar kati ya fito har waje. Tun hantsi muke kan benci har rana ta take tsaka. Masu jira suka ga wuyansa suka fara jan jiki, ina jin suna raɗa sanƙarau ne. Sai kwanon wata mata ya suɓuce ya faɗi a kan siminti.

Ban taɓa ganin abu irin wannan ba, ba na kuma fatan maƙiyina ya gani. Yaron ya banƙare a kan benci, ƙeya da dugadugai kawai ke taɓa katako, bayansa ya tashi sama. Haƙoransa duk a waje. Abin da ya fi firgita ni shi ne idonsa. A buɗe yake, yana kallona, ya san ni, ya san abin da ke faruwa da shi. Mai farfaɗiya ko suma yake ya huta, shi wannan yana cikin hankalinsa tsaf. Wata sista ta ratso layi da gudu ta sa aka ɗauke shi, ba a ƙara maganar kati ba.

Likitan matashi ne, ɗan Zurmi. Ya gwada buɗe bakin da ɗan katako, baki ya ƙara damƙewa. Ya tambaya ko yaron ya ji ciwo kwanan nan. Na ce a'a. Murtala ya sunkuyar da kai, can ya ce a duba tafin ƙafar hagu. Wani ɗan baƙin tabo ne kamar ƙwayar gero. Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, ranar na ga ma'anarta.

Likita ya ce sunan ciwon titanos. Ya ce ƙwayarsa a cikin ƙasa da kashin dabbobi take zama, ba abin da take so kamar huji mai zurfi da ya rufe baki, daga can take sakin dafin da ke ɗaure jijiyoyi. Sannan ya dube ni ya faɗi maganar da na haddace kamar karatun allo.

"Abu ukku nika so gare ki. Duhu, shiru, kuma kak kowa ya taɓa shi sai mu. Ƙara kaɗan ta isa ta tada mishi wanga abu. In ya kama maƙogwaro, numhwashi na iya tsayawa, kuma shi ka kashe masu wanga ciwo."

Suka tsaga ƙafar suka wanke. Allurar da ke kashe dafin babu ita a asibitin, babu ita a duk kemis ɗin Kaura. Wannan ƙorafi ne da zan yi ta yi har a gyara, gari guda mai tashar mota da kasuwar dabbobi a ce sai an je Gusau. Baban Ummi ya riga ya yi lodi, ya sauke fasinjojinsa ya ba su haƙuri, ya kama hanya, kafin magariba ya dawo da ita. Duk tsiyar da nake yi masa a kan zazzaɓi, ranar na yafe masa. Aka ba mu wani ɗan ɗaki a ƙarshen baranda, nesa da hayaniya. Na ɗauko atamfofin mutane masu duhu da aka kawo mini ɗinki na toshe taga da su. Aka zura masa roba ta hanci, ta nan ake ba shi tataccen kunu. Ga zafin bazara, ga ɗaki a rufe, fanka ma ba a kunnawa saboda ƙararta.

Kuskurena na biyu a waya na yi shi. Na kira Inna, da ta tambaya na ce da sauƙi, kamar yadda muka saba faɗa ko mutum na bakin kabari. Ban yi mata bayanin duhu da shiru ba, ina ganin in sun zo na faɗa musu. A mako na biyu suka cika mota daga Badarawa, suka jira ayarin da ke bin rakiyar jami'an tsaro, suka iso da hantsi. Ni kuma ina layin karɓar magani a ɗaya gefen asibitin.

Tun daga nesa na hango takalma a ƙofar ɗakin, sun fi ƙafa goma. Na yar da ledar magani na ruga. An yaye atamfar taga wai don a ga fuskarsa. Gwaggo ta riƙe ƙafarsa tana kuka tana kiran sunan mahaifinmu. Baffa Haruna yana addu'a da ƙarfi ana amsawa da amin. Wayar wani tana ruri. Wata matar Baffa kuma ta durƙusa da cokali tana neman kafar da za ta zuba masa rubutu tsakanin haƙora. Duk cikinsu babu mugu ko ɗaya, kowa abin da ya iya yake yi.

Wannan karon da ya banƙare bai sauko ba. Na ga leɓɓansa sun koma launin toka, ƙirjinsa ya tsaya cak. Sistoci suka kore mu, suka shiga da allura da tulun iska. Na tsaya a baranda ina ƙoƙarin yin salati, harshena ya kasa haɗa kalmomin. Ban san minti nawa aka yi ba. Da likita ya fito rigarsa a jiƙe take.

"Wa ka jinyar yaron ga?"

Na ce, "Ni ta."

"Allah ya maido miki shi yau. In kin sake bari anka cika ɗakin ga, ki aika a sawo likkahwani."

Daga ranar na jawo benci na gitta shi a bakin ƙofa na zauna. Mutum biyu kawai aka yarda su shiga, ni da Inna.

Shawarwari kuwa sai suka fara zuba. Gwaggo ta ce jifa ne, waɗanda ya tsere wa a gudu ne suka yi masa. Wasu suka ce iska ce, wa ya aike shi gudu shi kaɗai a bayan gari da yamma, ba ga shi aljanin yana dariya a fuskarsa ba. Aka ce a mayar da shi gida a yi masa hayaƙi. Duk wannan da sauƙi, kunne ke ji ya zubar. Mai wuyar ita ce dubiya. Mu a wurinmu wanda bai zo duba ka ba ya yanke zumunci, wanda ya zo aka hana shi shiga kuwa an ci mutuncinsa. Kullum sai an zo, daga Shinkafi, daga Gurbin Bore inda dangin Inna suke, kowa da kwanon furarsa, ni kuma in tare shi da raɗa in ce ya yi haƙuri. Kashegarin ranar da aka cika ɗakin, Baffa Haruna ya dawo shi kaɗai ya tsaya a kaina.

"Ke Balki, ni za ki hana? Ni nir riƙe yaron ga tun ubanai na da kwana ɗaya cikin ƙasa. Mun biyo hanyar da ba kowa ka biyo ta ya kwana gida ba. Zumunta a ƙahwa take, ke ko kin aje benci."

Na sauka na durƙusa, amma a bakin ƙofar na durƙusa, ban matsa ba. Na ce, "Baffa, ka gahwarce ni. Ka rage murya."

Wannan rage muryar ce ta fi ɓata masa rai. Ya ce zaman birni ya lalata ni, ya juya. Allah ya saka wa limamin unguwarmu da alheri, shi ya tare shi a ƙarƙashin darbejiya, ya zaunar da shi, ya ce addu'a ba ta neman ƙofa, daga nan ma tana isa. Tun daga ranar a can maza ke zama su yi tasu a ɓoye su tafi. Baffa yana zuwa, amma ba ya amsa gaisuwata.

Na ɗauka na gama da mai wuya, ashe ban fara ba. Inna tana da tari. Shekara da shekaru take fama da shi, na hayaƙin murhu, ba ya sallama in zai zo, in ya zo kuma sai ya girgiza ta duka. Mu mun saba da shi har ba ma jin sa. Ranar farko da ta zauna a gefen gadon, tarin ya zo, Sufyanu ya banƙare. Muka ce dacewa ce. Kashegari ya sake faruwa. A karo na uku sistar nan da ta ratso mana layi, wadda take tuɓe takalminta a waje ta shigo da safa don kada ya ji takunta, ta ɗago ta dube ni. Nan take na gane.

Na kama hannun Inna na fito da ita baranda. Na rasa ta inda zan fara. Na ce mata ta ɗan riƙa hutawa a waje, ɗakin da zafi.

"Hwaɗi gaskiya," in ji ta. "Tarina na?"

Na ce, "Shi na, Inna."

Ta dubi ƙofar. Ta ce za ta sha magani. Ta sha na asibiti, ta sha zuma da citta, ta tsotsi kanumfari har bakinta ya yi tsami. Tarin shekara ashirin bai san da wannan ba. Haka ta koma zaman tabarma a baranda, ni ina shiga ina fita, in na fito ta dubi fuskata ta karanta abin da ke ciki.

Mako na uku shi ne mafi muni. Abin yana tasowa ko ba ƙara, sau da yawa a yini. Zazzaɓi ya shigo, ƙirjinsa ya fara ƙugi. Yaron da cinyarsa take kamar turmi ya zube, sai idanu. In wutar lantarki ta ɗauke aka tada janareta, tun kafin ya kama nake dafe ƙirji, don na san me zai biyo baya. Na tsani duk wani abu mai sauti. Na tsani masu tallar ruwa, na tsani zakaran gidan da ke bayan katanga, har kiran waya na kashe. Awakin Inna duk suka tafi kasuwa ɗaya bayan ɗaya, keken ɗinkina ya yi tsatsa a ɗaki, masu atamfa suka gaji da aike suka haƙura.

A makon ne Koci ya zo da 'yan gudu gaba ɗayansu. Na miƙe da shirin faɗa, sai na ga tun daga bakin baranda sun tuɓe takalma sun riƙe a hannu. Suka jeru a jikin bango, ba wanda ya yi ko gyaran murya, har da waɗanda suka yi dariyar kaushinsa. Koci ya ja ni gefe ya ce shekararsa goma sha yana horar da yara, yana auna gudunsu da numfashinsu, bai taɓa tambayar ko an yi musu allurar wannan ciwo ba. Ya ce daga nan wurin allurar za su wuce dukansu. Ya ce kuma in gaya wa Sufyanu gadonsa na nan, ba a taɓa karɓe gadon yaro don ya ji ciwo ba, da ya tambaya da an faɗa masa. Na ji kamar in kama Kocin in jijjiga, na kuma ji kamar in durƙusa masa. Godiya kawai na yi.

Ranar Laraba bayan azahar likita ya fito ya tsaya a baranda. Ya ce sun yi iyakar abin da ke hannunsu, kwana biyun nan su za su nuna inda aka dosa. A hankali ya faɗa, amma Inna ta ji. Yana wucewa ta miƙe ta gyara mayafi ta tsaya a gabana.

"Balki, matsa."

Na ce, "Inna, don Allah."

"Ba ni tari. Na yi miki alkawali. Hannunai kaɗai za ni riƙa in hito."

"Ba ke ka riƙe da shi ba, Inna. In ya zo ba ki iya tsai da shi."

"Ni na haihe shi. Ke ma ni na haihe ki."

Na san in na bar ta ta shiga tarin ya zo, ƙila shi ne na ƙarshe, kuma za ta rayu da sanin cewa ita ce. Na san kuma in na hana ta ya tafi a cikin kwana biyun nan, na raba uwa da ganin autanta na ƙarshe, ba ni da abin da zan wanke kaina da shi duniya da lahira. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan tsayuwa ba. Na miƙa hannuwana biyu na dafe gefen ƙofar.

Ta dube ni, ba ta ɗaga murya ba, don ko a lokacin tana tuna shi.

"In yat tahi ban gan shi ba, ni da ke sai gaban Allah."

Ta naɗe tabarmarta. Na ɗauka gida za ta tafi. Sai na ga ta nufi can bakin ƙofar asibiti, inda masu babura ke tsayawa, ta shimfiɗa a gindin katanga. Daga baya na gane ta zaɓi wurin ne don ko ta yi tari ba zai iso ɗakin ba.

Kwana biyun nan a kan ƙirjinsa idona ya yi su. Ya ɗaga, ya sauka, in jira ya sake ɗagawa. Wani lokaci sai ya juyo da ido ya dubi ƙofa, ya dawo ya dube ni. Na san wa yake nema. Sai in yi masa alama da hannu cewa tana nan, tana sallah. Ban ci abinci ba, ban yi wanka ba. Duk sanda numfashin ya yi jinkiri sai in ji maganar Inna a kunnena.

Alhamis ta wuce. Juma'a ta wuce. Ranar Asabar na lura tun safe sau biyu kawai abin ya taso, kuma bai daɗe ba. A mako na huɗu zazzaɓin ya sauka. Kullum likita yakan gwada sa yatsa tsakanin haƙoransa, ranar da yatsa ɗaya ya shiga sai da sistar nan ta fita waje ta share ido. A mako na biyar cokali ya shiga, aka cire robar hanci. Inna tana can gindin katanga, kwana goma sha biyu ba ta yi mini magana ba. Abinci ma sai in Baban Ummi ne ya miƙa mata take karɓa.

Ga saƙon da likita ya ce in isar, ni kuma na ɗora nawa a kai. Duk hujin ƙusa, waya ko ƙaya, komai ƙanƙantarsa, a wanke da ruwa da sabulu a tafi asibiti a ranar, kada a zuba ƙasa, kada a zuba toka. A yi allurar rigakafi tun ana lafiya, wanda ya warke ma sai an yi masa, don ciwon ba ya jin kunyar dawowa. In yaro ya kasa buɗe baki, kada a tsaya kemis. Masu 'ya'ya a makaranta, ku riƙa tambayarsu abin da suke tsoro, don sabon shiga yakan ɓoye ciwo saboda abin da ba wanda ya ce za a yi masa. Masu zuwa dubiya kuma, in mai jinya ta tare ku a ƙofa, ku ajiye furarku ku yi addu'a ku juya. Ba raini ba ne. Sufyanu ya rasa zangon karatu guda, gasa kuma an yi ta ba shi. Yanzu ya koma aji, fili dai tukuna, bayansa bai gama sakewa ba.

Ranar da likita ya ɗage gefen atamfar taga da kansa, haske ya shigo, muka zuba ido ba abin da ya faru, sai ya ce, "A kira tsohuwa."

Na taka har gindin katanga na durƙusa. Na ce likita ya ce ta zo. Ba ta dube ni ba, ta tashi ta wuce gaba ina bin ta. A bakin ƙofa ta tuɓe takalmi, ta dunƙule gefen mayafinta ta cusa a baki ta danne da hannu. Ta shiga ta tsaya a jikin bango, nesa da gadon, tana kallon abin da ya rage na autanta. Shi ma yana kallonta.

Sai na ga kafaɗunta sun fara motsi. Tarin ne ke tasowa. Ta ƙara danne mayafin, idanunta suka kawo ruwa, ta juya za ta gudu waje, amma ya riga ta. Ya fashe a cikin ɗakin, mai ƙarfi, irin mai girgiza ta duka.

Ni da sista muka daskare. Idona yana kan bayan Sufyanu. Yana nan kwance a kan katifa, bai tashi ba.

Leɓɓansa suka motsa. Maganar ta fito ta tsakanin haƙora, a shaƙe, ita ce ta farko cikin kwana talatin da wani abu.

"Inna, yi tarinki."

Ta zame ta zauna a ƙasa a gefen gadon, ta cire mayafin daga baki, ta kama hannunsa. Ta yi tari, ta yi kuka, ta sake yin tari. Ni kuma na fita na janye bencin daga bakin ƙofa.